Saura Yatsu Uku

Yau sati tara ke nan rabon Auta da ta ci abinci ta ƙoshi.

Tana zaune a kusurwar ɗakin malamai, littattafan 'yan aji uku jibge a gabanta, jan biro a hannunta, amma ba ta ganin lissafin da ke ciki. Hancinta ne kawai ke aiki. Malamar kimiyya ta buɗe kula, ƙamshin soyayyen kifi ya game ɗakin. Malamin tarihi kuwa ya tsaga burodi ya cusa ƙwai a ciki, yana ci yana lumshe ido kamar da gayya.

Ita abin da ke cikin 'yar robarta yanka shida ne na kokwamba, sai ruwan zafi da ta matsa wa lemon tsami.

"Malama, matso mana ki sa hannu," in ji malamar kimiyya.

"Na ƙoshi."

"Da me kika ƙoshi, da iska?" Malamin tarihi ya leƙa robar ya tuntsire da dariya. "Wannan abincin naki ko zomona na ba shi sai ya kai ni ƙara."

Auta, wadda ko gaisuwarta sai an kasa kunne ake ji, ta buga biron a kan tebur.

"To ka je ka ji da zomonka! Cikinka ne ko nawa? Kullum mutum ba shi da aiki sai leƙen kwanon mutane!"

Kowa ya juyo yana kallon ta. Ita kanta sai da muryar ta ba ta tsoro. Ta kwashi alli ta fice, idonta ya ciko da ƙwalla, ba don maganarsa ba, don ƙamshin kifin da ya biyo ta har baranda.

A aji ta rubuta layi biyu a allo, na uku bai ƙarasa ba. Lambobin suka narke, duhu ya taso mata daga ƙasa, ta dafe allon da hannu biyu. Kafin la'asar shugabar makaranta ta sa an kai ta gida.

Duk a kan riga ɗaya ne.

Shekara biyu suna tare da Dogo, mai zanen gine-gine, wanda tsawonsa ya cinye masa suna tun yana firamare. Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, matar ta karɓe ta da fara'a har da runguma. Babbar tela ce, tana da shago a bakin titi, kekuna huɗu, mata uku suna yi mata ɗinki. Sai dai Auta ta lura da idonta. Bai tsaya a fuskarta ba. Ya sauka kafaɗa, ya zagaya ƙugu, ya auna ta tsaf kamar yadi.

Bayan mako guda Mama, kamar yadda Dogo ke kiran mahaifiyar tasa, ta aika aka kira Auta. Ta fito da doguwar riga ruwan zuma, mai shafi a ciki da zif a baya, irin rigar da ake tsayawa a kalla.

"'Yata, ni ba na ɓoye magana," ta ce. "Jikin nan ya yi yawa. Mu ba a san mu da shi ba, kuma lafiyarki nake ji miki. Ga riga na ɗinka miki da hannuna. Ranar da zif ɗinta ya rufe a jikinki, ranar zan ce wa baffanninsa su je gidanku. Ga ɗana nan shaida."

Aka gwada. Zif ya hau, ya zo ƙugu ya tsaya. Mama ta sa yatsunta a giɓin ta yi murmushi.

"Saura yatsu uku kacal. Ai ba wuya."

Bayan sati uku aka sake gwadawa, saura yatsu uku. Bayan sati shida, saura yatsu uku. Gobe Asabar ce gwaji na huɗu.

A gida Auta ta tarar da Yaya ta dawo daga asibiti, ko fararen kayan aikinta ba ta cire ba. Kallo ɗaya ta yi mata ta ɗauko abin awon jini.

"Kawo hannunki."

"Lafiyata ƙalau, Yaya."

"Na ce kawo hannunki!"

Ta naɗa, ta matsa, ta duba. Ta tuge abin da ƙarfi har sai da Auta ta yi ƙara.

"Da a asibiti aka kawo min ke da wannan awon, gado zan ba ki. Me kika ci yau?"

Auta ta kau da kai.

"Jiya fa?"

"Na sha shayi."

"Shayi! Umma, fito ki ji. 'Yarki mai digiri ta sha shayi!"

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu a gefen zani. Tun rasuwar Baba ba ta son hayaniya, kuma ba ta da burin da ya wuce ta ga autarta a ɗakinta.

"Ki bi ta a hankali mana. Ai saura kaɗan. Yaron nan mutumin kirki ne, in ta daure ta wuce wurin shi ke nan."

"In ta wuce ina, Umma? Kabari?" Yaya ta juyo kan Auta. "Sau nawa zan faɗa miki? Ni ban hana ki rage jiki ba, in ke kike so. Amma ba haka ake yi ba. Ki karya da ƙwai ko wake, su ne ke riƙe ciki. Rabin faranti ganye, gefe kifi, shinkafa daidai tafin hannunki. Ki ci a hankali, ki ajiye cokali tsakanin loma da loma, don sai ciki ya yi minti ashirin kafin ya san ya ƙoshi. Ke kuwa kin rufe baki ruf, kin zama masifaffiya, gashinki na zuba a matsefi, duk don wata mata ta sa miki yatsu a baya!"

"Mahaifiyarsa ce, Yaya."

"Mahaifiyarsa ce, ba mahaliccinki ba. Shi kuma gogan naki yana ina? Dogo har rufin ɗaki, amma a gaban uwarsa ko tari ba ya iyawa. Ga mai kemis na bakin layi, sau biyu yana tare ni a kan maganarki. Shi bai ce a auna ki da tef ba."

"Ni ba na son mai kemis!" Kuka ya ƙwace wa Auta. "Ba na son kowa! Kuna gani kamar daɗi nake ji? Ina kwana ina mafarkin burodi, Yaya. Burodi! In na wuce gidan abinci sai in toshe hanci kamar wadda ta wuce bola. Yau na zagi abokin aikina a gaban mutane, mutumin da ya isa ya haife ni. Na tsani kowa, na tsani mai tauna, na tsani mai dariya. Amma in na bari yanzu, wahalar sati tara ta tafi a banza, shi ma ya tafi. Ki bar ni in ƙarasa."

Yaya ta tsaya tana huci. Can ta hango ɗan littafin da ya leƙo daga jakar Auta, ta zaro shi. Kowace Juma'a Auta na auna ƙugunta ta rubuta. Da tsohon tef ɗin Baba take aunawa, wanda lambobinsa suka fara gogewa, domin Baba tela ne, a wani ɗan shago mai keke ɗaya ya yi rayuwarsa duka.

"Arba'in da ɗaya," Yaya ta karanta. "Talatin da tara. Talatin da bakwai da rabi. Yau talatin da shida." Ta ɗago. "Ke ce malamar lissafi. Inci biyar sun tafi, yatsu uku suna nan daram. Wane irin lissafi ne wannan?"

"Mama ta ce jiki yakan riƙe ruwa."

"Ruwa." Yaya ta jefa mata littafin a cinya. "To ki ci gaba da riƙe ruwa."

Duk da haka ta shiga kicin ta dafa ƙwai biyu ta dire a gabanta. Auta ta ci ɗaya. Ɗayan ta tura ƙarƙashin murfi, saboda gwajin gobe.

Da hantsi Dogo ya zo ɗaukar ta. A mota ya dube ta ya kau da kai da sauri.

"Malamata, kin rame fa."

"Ba shi ake so ba?"

"Kin karya kuwa?"

"Kana so in karya?"

Ya kama sitiyari da hannu biyu kamar motar za ta gudu ta bar shi. Sai da suka kusa shagon ya ce, "Ki ƙara haƙuri. Mama za ta gaji."

Za ta gaji da me? Auta ta so ta tambaya, amma ba ta da ƙarfin magana.

Shagon na nan yadda ta san shi: ƙarar kekuna, warin yadi da dutsen guga, guntayen zare manne a labule. Mama ta taso da tef rataye a wuya.

"Maraba da 'yata! Kai, masha Allah, ana ƙoƙari. Ɗaga hannu mu gani."

Kamar kullum ta zagaya mata tef a ƙugu, ta duba, ba ta faɗi lambar ba. Kamar kullum ta ce, "Zauna ki huta, bari in shiga ciki in goge miki rigar." Ta shige ɗakin baya ta ja ƙofa.

Auta ta zauna a benci. Yunwa ta sa kunnenta ya yi kaifi. Kekuna uku na aiki a waje, tana ganin su. Amma akwai ƙara ta huɗu, daga bayan ƙofa. Ta tsaya, ta sake tashi, ta tsaya. Dutsen guga ba ya irin wannan ƙarar.

Ta dubi Dogo. Yana tsaye bakin ƙofar shago yana latsa waya, ya ba ta baya.

Mama ta fito da rigar da ɗuminta. Suka shiga bayan labulen gwaji. Auta ta zura, ta ja numfashi ta riƙe har haƙarƙarinta ya yi zafi. Zif ya hau, ya hau, ya zo ƙugu ya tsaya.

Yatsu masu sanyi suka taɓa bayanta.

"Ayya. Saura yatsu uku, 'yata. Ko dai kina ɗan taɓa wani abu a ɓoye? Ki faɗa min gaskiya, ai ni uwa ce."

A daidai nan aka yi sallama a waje, wata mai karɓar ɗinki ce ke sauri. Mama ta ce, "Cire ki ajiye, ina zuwa," ta fita.

Ana taɓa wani abu a ɓoye! Auta ta damƙi rigar. Ba ta cire rigar a hankali ba yadda ta saba. Fizge ta ta yi ta kai, rigar ta juye ciki ya koma waje, shafin ya zame ya tattare a sama.

Sai ga gefen rigar a fili.

Tun tana 'yar shekara bakwai aikinta ke nan in ta dawo daga makaranta. Baba ya miƙo mata riga da reza ya ce, "Auta, farke min nan." Ta san ɗinki kamar yadda ta san haruffa. Ta san gefen riga layi ɗaya ake yi masa.

Wannan layi huɗu ne.

Suna jere kusa da juna daga ƙasan hamata zuwa ƙugu, kowanne ya shigo ciki fiye da na bayansa. Na farko da zare ruwan zuma. Na biyu ma haka. Na uku zaren ya ɗan yi duhu. Na huɗu fari ne, an yi shi cikin gaggawa, ko wutsiyar zaren ba a yanke ba, ga sawun alli sabo a gefensa. Ta juya ɗaya gefen. Huɗu.

Rarar yadin duk tana nan a naɗe, ba a taɓa ta da almakashi ba. Baba yakan ce tela na gaske hannunsa ba ya yarda ya yanke rara, ko da ya so, saboda watarana mai riga zai dawo a buɗa masa. Shekara talatin Mama na ɗinki. Hannunta ya ƙi yankewa.

Auta ta tsaya tana kallon layukan. Na biyu shi ne satin da ta daina cin abincin dare. Na uku shi ne satin da gashinta ya fara zuba. Na huɗu shi ne jiya, da ta dafe allo a gaban yara arba'in.

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da kayanta, ta yaye labulen da ƙarfin da ya sa ƙarfensa ya yi ƙara, ta shimfiɗa rigar a kan teburin yanka, cikinta a waje.

"Mama, ara min reza."

Kekunan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mai karɓar ɗinki ta rungume ledarta ta ƙi tafiya.

"Reza kuma? Me za ki yi da reza? Ke, wa ya ce ki juya min riga?"

"Layi nawa ake yi wa gefen riga, Mama?"

Fuskar Mama ta canza, amma nan take ta gyara ta. "Ji min yarinya. Me kika sani a ɗinki? Ƙarfafa shi aka yi don kada ya farke. Ku 'yan boko komai sai kun yi masa lissafi."

"Ƙarfafawa a kan layi ɗaya ake maimaita ta, ba a shigowa ciki. Kuma ba a yin ta da farin zare a kan ruwan zuma, yau da safe, a ɗakin da aka ce guga ake yi." Auta ta nuna farin zaren da yatsa. "Ba ki taɓa tambayar sana'ar mahaifina ba. An ce miki ya rasu, kika ce Allah ya ji ƙansa, kika ci gaba da kallon ƙuguna. Tela ne, Mama. A ƙarƙashin keke na yi rarrafe."

Ba ta jira a ba ta ba. Ta ɗauki reza a gefen keken da ke kusa, ta sa bakinta a ƙarƙashin farin zaren. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Layi na huɗu ya tafi. Na uku ya bi shi. Na biyu. Ta bar na farko, wanda aka yi alkawari a kansa. Ta juya ɗaya gefen ta yi masa haka, ta karkaɗe guntayen zaren a ƙasa, ta koma bayan labule.

Da ta fito, ba wanda ya taimaka mata da zif. Da kanta ta kai hannu baya ta ja shi, ya tafi sumul har wuya. Rigar har lilo take yi a ƙugunta. Ta kama yadin da ya yi yawa ta ja shi gefe.

"Ga yatsunki uku nan, Mama. Sun koma ta wannan gefen."

Ɗaya daga cikin masu ɗinkin ta toshe baki da gyale.

Mama ta cire tef daga wuyanta ta wurga a tebur. Fara'ar nan duk ta zube.

"To sai me? Eh, na rage! Na rage, kuma da kin dawo sau goma sai na rage sau goma! Ke ba ki da zuciya ne? Mace mai hankali tun gwaji na biyu za ta gane ba a son ta, ta kama gabanta da mutuncinta. Na bi ta hanya mai sauƙi don kada in ce miki a'a a fuska, kika nace kamar ƙuda. Ni na haifi ɗana, ni na san wadda ta dace da shi. 'Yar aminiyata na nan, tun suna yara nake kallon ta. Ko kin koma siririya kamar allura, ba ki shiga gidana!"

"Hanya mai sauƙi?" Auta ta matso taku ɗaya. "Jiya a gaban ɗalibaina na kusa faɗuwa. Yayata ta ce da a asibiti ne gado za ta ba ni. Sati tara ina kwana da yunwa, ina tashi da yunwa, ina ganin laifin kaina, ina cewa ni ce mai kwaɗayi, ni ce marar haƙuri. Ɗazun nan kika tambaye ni ko ina ci a ɓoye, farin zarenki bai ko huce ba! Da kin ce min a'a, Mama, da na yi kukana na kwana biyu na ci abincina. Wallahi a'a ta fi wannan tausayi."

Ta juya wajen Dogo. Ya shigo tun ɗazu, yana tsaye kamar an dasa shi. Ta yi zaton za ta ga mamaki a fuskarsa. Babu. Ƙasa yake kallo.

Sai maganar mota ta dawo mata. Mama za ta gaji.

"Ka sani," ta ce a hankali.

"Malamata..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ranar gwaji na biyu na shiga ciki neman makulli, na same ta a kan keke. Na roƙe ta, wallahi na roƙe ta. Ta ce in na faɗa miki ba ni ba ita. Sai na ga in kika ci gaba da zuwa za ta ga irin son da kike min, zuciyarta ta yi laushi. Ban san abin ya kai haka ba."

"Ba ka san ya kai haka ba? Yau da bakinka ka ce na rame! Sati shida kana ɗauko ni a motarka kana kawo ni, kana jin cikina na kuka a kujerar gefenka, ka san ƙofar da nake bugawa an toshe ta ta baya. Ita ba ta san ni ba, ba ta taɓa cewa tana so na ba. Kai fa? Kai da ka ce ba ka iya barci in ban ɗauki waya ba? Da jikina ka yi wa mahaifiyarka lallashi!"

Yanzu ne hawayen suka zo, masu zafi, ba ta share su ba. Shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ki yafe min. Tsoro na ji. Tsoron in rasa ki, tsoron in rasa ta."

"Ni kuma da na mutu, wa ka rasa?"

Ta shiga bayan labule karo na ƙarshe. Ta fito da kayanta, ta ninke rigar yadda Baba ya koya mata, hannu a ciki, wuya a sama, ta ajiye a gaban Mama.

"Ɗinkin ya yi kyau. Na cika nawa alkawarin, a gaban ɗanki da ma'aikatanki zif ya rufe. Naki kuma tsakaninki da Allah."

A bakin ƙofa ta tsaya kusa da Dogo, ba ta kalle shi ba. Ta nuna gidan abincin da ke tsallaken titi, wanda ta yi sati tara tana toshe hanci in za ta wuce shi.

"Zan shiga can in ci abinci. In na gama na tashi ba ka zo da magana a bakinka ba, magana ta namiji ba ta haƙuri ba, kada ka sake nemana. Ba kuma riga za a sake auna ni da ita ba."

"In ka taka titin nan," Mama ta ɗaga murya daga ciki, "ka san abin da na faɗa maka!"

Auta ta tsallaka.

Ta zauna a teburin da ke jikin taga. Mai kawo abinci ta zo, ta lissafo mata abin da ke akwai. Cikinta ya ce duka, a haɗo da burodi, a ƙaro. Ta rufe ido ta jira muryar ta lafa.

"Gasasshen kifi. Ganye da yawa. Shinkafa kaɗan, kamar haka." Ta buɗe tafin hannunta. "Da ruwa."

Loma ta farko sai da ta sa ta dafe tebur. Ta tauna, ta haɗiye, ta ajiye cokali yadda Yaya ta ce. Ta tagar tana hango Dogo a ƙofar shago, rabin jikinsa a ciki rabi a waje, hannun Mama na tashi yana sauka a bayansa. Ta ɗauki cokali. Ta ajiye. Duhun da ke gefen idonta ya fara washewa, fushin kuwa yana nan, sai ma zama da ya gyara.

Rabin kifin ya tafi. Ta daina kallon tagar.

Saura loma uku a farantin ta ji an ja kujerar da ke gabanta. Inuwa doguwa ta rufe teburin. Yana haki kamar wanda ya yi gudu, alhali titi ɗaya ya tsallako.

"Na faɗa mata," ya ce. "Yau ɗin nan zan je wurin baffana da kaina, da yardarta ko babu. Na faɗa mata a gaban kowa. Don Allah ki ce wani abu."

Auta ba ta ɗago ba. Ta yanki kifi, ta haɗa da ganye, ta ɗora a cokali.

"Sati shida ka iya yin shiru," ta ce. "Yi shiru in gama cin abincina."